Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiyar Iyali a Mota Zuwa Farautar Elk a Yammacin Amurka

Duk shekara idan kaka ta kama, manyan hanyoyin da suka ratsa jihohin Nebraska da Wayomin sukan cika da motocin akori-kura masu jan tirela, an ɗaure tantuna da kuloli a baya, yara kuma suna barci a kujerar tsakiya. Da yawa daga cikin masu motocin mafarauta ne da suka nufi duwatsun Roki neman elk. Ni da iyalina mun yi wannan tafiya sau uku daga tsakiyar Amurka zuwa arewa maso yammacin jihar Kolorado, kuma sau ɗaya kacal muka dawo gida da nama. Tun daga tafiyar farko 'yan'uwa da abokan arziki suke yi mini tambayoyi, wasu don sha'awa, wasu kuma don suna da niyyar gwadawa, saboda haka na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a wuri ɗaya.

Wace irin dabba ce elk?

Elk dabba ce daga dangin barewar ƙasashen sanyi, wadda ƙahonta yake da rassa kamar bishiya. Wanda ya san gwanki zai iya kwatanta girman jikinta da shi, sai dai babban namijin elk yakan ɗara gwanki nauyi, domin yakan kai kilo 320 ko fiye, mace kuwa takan kai kimanin kilo 230. Amurkawa suna kiran namijin bijimi, macen saniya, ɗan kuma maraƙi, kuma da waɗannan sunaye zan ci gaba. Jikinta ruwan ƙasa ne mai haske, wuyanta ya fi duhu, gindinta kuma fari-fari ne, wanda daga nan ne sunanta na biyu, wapiti, ya samo asali a harsunan mutanen da suka riga Turawa zama a ƙasar.

Bijimi ne kaɗai yake da ƙaho, kuma abin da yake ba mutanenmu mamaki shi ne yana zubar da shi duk shekara a ƙarshen hunturu, wani sabo ya tsiro ya cika kafin kaka. A lokacin da tsirowar ta fi sauri, ƙahon yakan ƙaru da kusan santimita biyu da rabi a rana guda. A Turai kuwa, idan aka ce elk ana nufin wata dabba dabam, wadda Amurkawa suke kira mus. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mafarauci, domin akwai mus a dazuzzukan Kolorado, kuma harbinta bisa kuskure da lasisin elk laifi ne mai tsada.

Yaya aka yi gwamnati take barin a farauce ta, alhali ana ta maganar kare namun daji?

Amsar tana cikin tarihin dabbar. Ana ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai elk kusan miliyan goma a Arewacin Amurka, amma farautar kasuwa, wadda ake yi don nama da fata da haƙora biyu na sama masu kama da hauren giwa, ta rage su zuwa ƙasa da dubu ɗari a farkon ƙarni na ashirin. Daga nan aka fara gyara. Dokar Lacey ta 1900 ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, a 1912 aka kafa mafakar elk ta ƙasa kusa da garin Jackson na Wayomin, sannan a 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin hukumomin namun daji na jihohi. Harajin ya kai kashi 11 cikin ɗari a kan doguwar bindiga da harsashi, kuma da shi, tare da kuɗin lasisi, ake ƙidayar dabbobi, ake sayen fili, ake biyan jami'an gandun daji.

Yau adadin elk ya koma kusan miliyan ɗaya, har an mayar da su wuraren da suka ɓace, kamar jihar Kentaki, inda aka saki kimanin 1,500 tsakanin 1997 da 2002. Hukumar kowace jiha tana duba yawan garke da abin da makiyayar hunturu za ta iya ɗauka, sannan ta yanke yawan lasisin da za ta bayar. A ganina wannan tsari abin girmamawa ne, kuma mafaraucin da ya fahimce shi ba zai ɗauki dokokin a matsayin takura ba.

Wace jiha ce ta fi dacewa da iyalin da ke tafiyar farko?

Kolorado nake ba da shawara, domin ita ce ta fi kowace jiha yawan elk, kusan dubu ɗari uku, kuma tana da faɗin filin gwamnati da kowa yake da 'yancin shiga. Gandun dajin White River da na Routt suna kusa da garuruwan Meeker da Craig, inda akwai asibiti da kanti da gidan mai da mahauta masu sarrafa naman daji, waɗanda duk abubuwa ne da mai tafiya da yara zai buƙata. Wayomin da Montana da Aidaho suna da manyan bijimai da ƙarancin cunkoso a wasu wurare, amma samun lasisinsu ya fi wuya ga baƙo. A Wayomin ma, wanda ba mazaunin jihar ba ba ya da izinin farautar manyan dabbobi a keɓaɓɓun dazuzzukan da aka hana mota shiga sai da ɗan jagora.

A kula da iyakar fili sosai. A Kolorado doka ba ta wajabta wa mai gona ya sa shinge ko alama ba, nauyin sanin iyaka yana kan mafarauci, shi ya sa kusan kowa yake amfani da manhajar taswira mai nuna filin gwamnati da na masu zaman kansu, wadda ake saukewa a waya tun kafin a rabu da sabis. Haka kuma an hana farauta a gandun shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone, inda kallo da ɗaukar hoto ne kawai rabon mai ziyara.

Yaya ake samun lasisi, kuma yaushe ya kamata a fara nema?

Nan ne mutane da yawa suke makara, domin farautar Oktoba tun hunturu ake neman izininta. Mafi yawan lasisi ta hanyar ƙuri'a ake bayarwa. A Wayomin ana rufe karɓar takardun baƙi masu neman elk a ƙarshen Janairu, a Montana farkon Afrilu, a Kolorado ma farkon Afrilu. Wanda bai ci ƙuri'a ba yakan tara maki da zai ƙara masa dama a shekarun gaba, kuma akwai yankuna masu farin jini da mutum zai shafe shekara goma ko ashirin yana tara maki kafin ya samu. Kolorado tana da wata ƙofa ta biyu, wato lasisin bijimi da ake saya kai tsaye ba tare da ƙuri'a ba domin zagaye na biyu da na uku cikin zagaye huɗu na farautar bindiga a wasu yankuna, amma ana ta ƙuntata wannan ƙofa ga baƙi, saboda haka wajibi ne a karanta littafin dokokin da hukumar jihar take fitarwa na shekarar da za a yi tafiyar.

Lasisi ba takardar harbin kowace elk ba ce. Yana fayyace yankin da za a yi farauta, da ranakun, da irin makamin, da kuma ko bijimi ne ko saniya. A yankuna da yawa na Kolorado, bijimin da ya halatta a harba sai ya kasance yana da rassa huɗu a ƙaho ɗaya, ko reshen goshinsa ya kai inci biyar. Kuɗin baƙo yana kusa da dala 800, mazaunin jiha kuwa ƙasa da dala 100 yake biya, kuma akwai rangwame mai yawa ga matasa. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar kammala darasin tsaron mafarauta, wanda kowace jiha take koyarwa kuma sauran jihohi suke amincewa da shi. Ga iyalin da nama suke so, lasisin saniya ya fi sauƙin samu, kuma namanta ya fi taushi.

Wanda ba ɗan ƙasa ba zai iya riƙe bindigar farauta, kuma yaya ake ɗaukarta a mota?

Mai katin zama na dindindin yana da damar mallakar bindiga bisa dokar tarayya kamar ɗan ƙasa, sai abin da jiharsa ta ƙara. Wanda ya shigo da bizar wucin gadi, kamar ɗalibi ko mai ziyara, an hana shi riƙe bindiga, amma dokar ta keɓe wanda yake da ingantaccen lasisin farauta. Wannan magana ce da kuskure a cikinta yake iya taɓa takardun zaman mutum, don haka wanda abin ya shafa ya tuntuɓi lauya kafin ya taɓa makami.

Game da hanya, dokar tarayya ta 1986 ta ba matafiyi kariya idan yana ratsa jihohi da bindiga, muddin babu harsashi a cikinta kuma tana wurin da hannu ba zai kai gare ta daga kujera ba, ko cikin akwati mai kulle. Ni nakan sa bindiga a akwatinta mai kwaɗo a can ƙasan kaya, harsasai a wani akwati dabam, makullan kuma a aljihuna har mu isa. Kolorado ta wajabta kada faɗin harsashin manyan dabbobi ya gaza milimita shida, kuma ya kamata a je filin gwaji tun a gida a san iyakar nisan da hannu yake iya saitawa ba tare da shakka ba.

Wane lokaci ne ya fi kyau a tafi?

Satumba watan barbara ne, kuma a Kolorado shi ne lokacin masu kwari da baka, tare da 'yan kwanaki a tsakiyarsa na masu bindiga mai ɗuri ta baki, irin bindigar toka. A wannan wata bijimai suke kuka, wani irin kuka da yake farawa da gurnani ya haura ya zama siririn fito mai ratsa kwari, kuma yaron da ya ji shi da asuba ba zai manta ba. Sanyi bai yi tsanani ba a lokacin, ganyen bishiyoyin tsauni ya koma rawaya, sai dai nama yana saurin lalacewa saboda ɗumin rana.

Farautar bindiga tana farawa a tsakiyar Oktoba ta kai ƙarshen Nuwamba a zagaye huɗu. Yayin da lokaci yake ja, dusar ƙanƙara takan koro garke daga ƙololuwa zuwa ƙasa, sai ganinsu ya yi sauƙi, zaman tanti kuma ya yi wuya. Da ƙananan yara, Oktoba ce matsakaiciya.

Yaya ake tsara tafiyar motar kanta?

Daga Shikago zuwa Denba, babban birnin Kolorado, kimanin kilomita 1,600 ne, wato tuƙin awa goma sha biyar idan ba a tsaya ba, kuma babu iyalin da ba ya tsayawa. Mu kwana biyu muke ba hanyar. Babbar hanya mai lamba 80 takan ratsa Ayowa da Nebraska, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai gonakin masara da ba su da iyaka, daga nan mutum ya zaɓa: ko ya gangara Denba ya hau hanya mai lamba 70 ta cikin ramin Eisenhower da aka huda a dutse don motoci, wanda yake a tsayin mita 3,400, ko ya zarce cikin Wayomin ya wuce Laramie da Rawlins sannan ya karkata kudu ta ƙaramin garin Baggs zuwa Craig. Hanya ta biyu ta fi sauƙin hawa ga mai jan tirela, amma iska da dusar ƙanƙara sukan sa a rufe ta tsakanin Laramie da Rawlins, kuma daga inda aka bar babbar hanya ba a cika ganin gidan mai ba. Ƙa'idata ita ce, daga yammacin Nebraska ba na barin tanki ya sauka ƙasa da rabi.

Hanyoyin cikin daji na ƙasa ne, kuma idan ƙanƙara ta narke sukan zama taɓo mai santsi da yake manne wa taya. Mota mai jan ƙafa huɗu, da sarƙar taya, da safaya mai lafiya, da jak, da shebur, da igiyar ja, ba kayan alatu ba ne a can. A gwada ɗaura sarƙar a ƙofar gida tun kafin tafiya, domin koyonta a gefen dutse cikin duhu da yatsu sun sandare wahala ce da za a iya kauce mata. Wajen shirya kaya kuma a bar wa kuloli wurinsu tun daga tafiya, a zuba kayan abinci da barguna a ciki, don kada a rasa inda za a sa nama a dawowa.

Shin tafiyar ta dace da yara, kuma mene ne babban haɗarin?

Ta dace, idan aka auna ta da ƙarfin mafi ƙanƙanta a cikin motar. A Kolorado yaro yakan iya farautar manyan dabbobi daga shekara 12, kuma kafin ya kai 16 sai da babba a tare da shi. Waɗanda ba su kai ba suna iya rakiya, su duba sawu da kashi, su riƙe tabarau mai hangen nesa, su koyi tafiya ba hayaniya.

Babban haɗarin da na gani da idona shi ne ciwon tsauni, kuma laifina ne ya jawo shi. A tafiyarmu ta farko na matsu in isa kafin ranar buɗe farauta, sai muka taso daga ƙasa mai kwari muka kafa tanti a tsayin kusan mita 2,900 a yini guda. Wajen ƙarfe biyu na dare 'yata, wadda take da shekara takwas a lokacin, ta tashe ni tana cewa, "Baba, kaina zai fashe," sannan ta fara amai. Mahaifiyarta ta naɗe ta a bargo, muka bar komai a wurin muka gangara gari cikin duhu, kuma kafin mu isa ƙasa ciwon ya fara sauƙi. Iskar can sama ba ta da wadatar da jikin mazaunin ƙasa ya saba da ita, kuma alamun sukan fara daga tsayin mita 2,400 zuwa 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Maganin farko shi ne saukowa. Tun daga lokacin muke kwana ɗaya ko biyu a Craig, wanda bai kai mita 2,000 ba, muna shan ruwa da yawa, kafin mu hau. Idan mutum ya fara haki yana zaune, ko tari mai jiƙa, ko ruɗewa, wannan na asibiti ne nan take.

Yaya zaman zango yake?

A gandun daji na ƙasa da filayen gwamnati ana iya kafa tanti kyauta a wurare da yawa, galibi har kwana 14. Babban tanti na zane mai kauri da murhun itace a ciki shi ne abin da tsofaffin mafarauta suka fi so. Kada a kunna risho ko gawayi a rufaffen tanti, domin hayaƙin da ba ya da wari yana kashe mutane cikin barci. Tufafin auduga kuma ba su da amfani idan sun jiƙe da gumi, ulu ne yake riƙe ɗumi. A lokacin farautar bindiga dokar Kolorado ta wajabta wa mafarauci riga mai ƙyallin ruwan lemo ko ruwan hoda da ta kai inci murabba'i 500 tare da hula mai irin launin, ni kuwa kowa a zangona yana sa ta, har mai zuwa ɗebo itace.

Uwargida takan dafa miya da wake tun a gida ta daskarar da su, su zama ƙanƙarar kula a hanya kuma abinci a zango. Ruwan alwala a butar shayi muke ɗumama shi, jarkar kuma a cikin tanti take kwana, in ba haka ba da asuba sai a tarar da ita dutse.

Yaya ranar farauta take kasancewa?

Ana tashi tun kafin asuba, domin doka ta yarda a yi harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma a waɗannan gefuna biyu na yini elk take fitowa kiwo a fili. Da rana ta ɗaga sai garken ya shige duhun itatuwa a gangaren da yake fuskantar arewa, inda akwai inuwa da sanyi. Hancin elk ya fi idonta aiki, saboda haka duk dabarar tana kan iska. A tsauni iska takan gangara ƙasa da sanyin safiya da na yamma, ta haura sama idan rana ta ɗumama gangare, kuma wanda ya tunkari garke iska tana bayansa zai ji karyewar rassa ne kawai daga nesa. Mafarauta sukan riƙe 'yar kwalbar gari mai laushi suna fesawa don su ga inda iska ta nufa.

Yawancin yinin zama ne da dubawa da tabarau, da hawa da sauka. Idan dama ta zo, ana saita bayan kafaɗa, inda huhu da zuciya suke, kuma sai an tabbatar da abin da ake harbi da abin da yake bayansa. Dabbar da take gudu, ko ta yi nisa fiye da gwajin mutum, ko akwai wata a bayanta, barinta ake yi. Na fi girmama mafaraucin da ya sauke bindiga a irin wannan hali a kan wanda ya raunata dabba ta je ta mutu a inda ba za a same ta ba.

Naman ya halatta ga Musulmi?

Elk dabba ce mai kofato mai tuƙa, kamar barewa, kuma malamai ba su da saɓani a kan halaccin irinta. Sharaɗin farauta shi ne mai harbi ya ambaci sunan Allah yayin sakin harbin, kuma makamin ya huda ya zubar da jini, kamar yadda ya zo a hadisin Adiyyu ɗan Hatim. Malamai na baya-bayan nan, har da na mazhabar Malikiyya, sun ɗauki harsashi a matsayin abin da yake hudawa. Idan aka iske dabbar da sauran rai tabbatacce, sai a yanka ta, shi ya sa wuƙa mai kaifi take zama a ƙugu. Wanda zai kai nama wurin mahauci ya roƙi a sarrafa nasa shi kaɗai, kuma ya faɗa a fili cewa kada a haɗa da kitsen alade, domin al'adarsu ce su ƙara shi a niƙaƙƙen naman daji saboda rashin maiƙonsa.

Me ake yi bayan dabbar ta faɗi?

Daga nan aikin gaskiya yake farawa, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so mai niyya ya yi tunani a kansa tun a gida. Da farko a cike alamar da take jikin lasisi a sa hannu kamar yadda doka ta ce. Sannan a yi gaggawar fiɗa, domin fatar elk mai kauri ce kuma jikinta babba, zafin ciki yakan ɓata naman kusa da ƙashin cinya da wuya cikin sa'o'i kaɗan ko da ana sanyi. Ba a iya jan dabba mai kilo 230 a kan dutse, saboda haka a wurin ake raba ta: cinya biyu, kafaɗa biyu, dogon naman gadon baya, lallausan naman cikin ƙugu, naman wuya da haƙarƙari, da zuciya da hanta ga mai so. Kowane yanki a sa shi a jakar zane mai shan iska a rataye a inuwa. Doka ta hana barin naman da ake ci ya lalace a daji, kuma ta wajabta a bar shaidar jinsin dabbar a manne da wani yanki har a isa gida ko wurin mahauci.

Saniyar da muka samu a tafiya ta biyu ta faɗi ne dab da magariba, kimanin kilomita uku daga inda mota ta tsaya. Ni da ɗana, yana da shekara goma sha uku, muka yi fiɗa da fitilar goshi, tururi yana tashi daga naman cikin sanyi, shi yana riƙe ƙafa ni ina yanka, kuma duk lokacin da hannunsa ya sandare sai ya tura shi ƙarƙashin fatar ya ɗumama. Sawu huɗu muka yi tsakanin daren da washegari kafin mu kwashe, cinya guda tana neman kilo talatin a baya. Saniya takan ba da kimanin kilo 70 na tsoka zalla, babban bijimi kuwa kusan kilo 100. Mutum ya tambayi kansa tun kafin ya ja kunamar bindiga ko zai iya fitar da wannan kaya daga inda yake tsaye.

Yaya ake kai naman gida lafiya?

Ana so naman ya zauna a sanyin da bai wuce digiri 4 ba, a bushe, ƙanƙara a ƙasa da gefe, ana tsiyaye ruwan kula a kowane gidan mai. Akwai kuma wata cuta ta ƙwaƙwalwa mai rama dabba da take kama dangin barewa, wadda aka fara gani a Fort Collins na Kolorado a 1967. Dafuwa ba ta kashe abin da yake haddasa ta, kuma ko da yake ba a tabbatar ta kama mutum ba, hukumomin lafiya sun ba da shawarar a gwada dabbar da ta fito daga yankin da cutar take, kada kuma a ci wadda aka samu da ita. Saboda wannan cuta jihohi da yawa sun hana shigo da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya daga wata jiha, don haka a zare ƙashi tun a can, a wanke ƙoƙon kan da yake ɗauke da ƙaho tas. Sayar da naman daji haramun ne a dokar Amurka, kyauta kuwa babu laifi, kuma cinyar elk, da yake ba ta da kitse, tana yin kilishi mai kyau ƙwarai.

Akwai namun daji masu haɗari?

A Kolorado baƙar beyar ce da damisar tsauni, kuma dukansu sun fi son guje wa mutum, sai dai a rataye nama da abinci nesa da tanti. Babbar beyar da ake kira girizli tana Wayomin da Montana da Aidaho, kuma takan zo kan gawar dabba, saboda haka a can ana riƙe feshin barkono na musamman a ƙirji, kuma ba a fiɗa sai wani yana tsaye yana dubawa.

Nawa tafiyar take ci, kuma idan ba a samu komai ba fa?

Bayan lasisi, mai ne babban kashe kuɗi, sai masauki na kwanakin hanya da kayan sanyi na shekarar farko. Mai ɗaukar ɗan jagora da dawakai zai biya dubban daloli a kan haka. Wanda ya lissafa kuɗin a kan kilo na nama zai ga cewa kanti ya fi araha a yawancin shekaru, domin a Kolorado kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida ne yake dawowa da elk, kuma rabon baƙon da bai san dajin ba ya fi haka ƙanƙanta. Ina faɗa wa yara wannan tun kafin mu tada mota, don kada rashin samu ya zo musu a matsayin kunya.

A tafiyarmu ta uku kwana shida muka yi ba mu ga bijimin da ya halatta ba. A safiyar ƙarshe ni da 'yata muka zauna a bakin wani fili, sai ga shanun elk tara da maruƙansu sun fito daga itatuwa suna tone dusar ƙanƙara da kofato, kusa har muna jin numfashinsu, lasisin da yake aljihuna kuwa na bijimi ne. Mun kalle su kusan minti ashirin har iska ta juya, babbar saniyar ta ɗaga kai ta yi haushi sau ɗaya, suka haura gangare a jere. A hanyar dawowa, wajen tsakiyar Nebraska, yarinyar ta tambaye ni ranar da ake rufe ƙuri'a. Ta cika shekara 12 ta kuma gama darasin tsaro, saboda haka a farkon Afrilu mai zuwa takarda biyu za mu cike, tata ta saniya ce a yankin da muka riga muka san hanyoyinsa.